Kunnen Baba

A bayan gadar Kawo, inda dillalai ke rabon inuwar dalbejiya,
na same ta a gurfane kamar raƙumar da fatauci ya ishe ta.
Fijo ce mai dogon baya. Wai fara ce a da,
yanzu launinta na kunun da ya kwana.

Barau dillali ya daki ƙugunta da tafin hannu:
"Hajiya, ƙarfe ke nan, ba gwangwanin zamani ba.
Wani likita ne ya riƙe ta, daga gida sai asibiti."
Na leƙa agogon tafiyarta,
dubu ɗari huɗu da sha ɗaya, nan ma lambobin ƙamewa suka yi.
Ashe likitan nan a Agadas asibitinsa yake.

Ni ba Hajiya ba ce, kaji gare ni,
ɗari uku da sittin, a wani kango a Rigachikun.
Kullum safiya kiret goma na ƙwai
nake runguma a Keke kamar mai jego,
kowane rami a hanya sai ya karɓi zakkarsa.
Shekaranjiya sha bakwai suka fashe a cinyata,
na isa teburin Ilu mai shayi ina ƙarni,
ƙudaje na yi mini rakiya.

Kuɗin adashi na jakata,
wata goma sha huɗu ina zubi, ban ɗinka ko ɗankwali ba.
Za su isa, har da rarar taya biyu na gwanjo.
Lantana ƙanwata ta taɓe baki:
"Araha ba ta ado, Yaya.
Ki saye ta, kin saya wa makanikan Panteka gona,
ke da noma, su da girbi."

Daren nan ban runtsa ba.
Na tara kuɗin mai, na ɗebe kuɗin Keke,
na ƙara batir, na ƙara birki,
na ƙara ranar da za ta mace mini a tsakiyar Mando
da ƙwai ɗari uku a baya, rana na dafa su.

Da safe na je Tudun Wada na ɗauko Baba.
Shekara sha tara ya yi a Kakuri yana ɗaure irin waɗannan,
kafin yana ta rufe masa ido.

Ya ce a tayar.
Ta yi tari uku, a na huɗu ta amsa.
Ya ɗora bakin sandarsa a kan inji,
ɗaya bakin ya manna a kunne.
Dillalai suka yi tsit.
Ya murza baƙin mai a yatsa, ya sansana,
ya lallaba ya shafa kujerar baya.

"Ba ta san likita ba," in ji shi.
"Haya ta yi, Zariya da dawowa, ji yadda ta lotsa.
Tana shan mai a ɓoye, kulocinta na ban kwana."
Barau ya soma sosa ƙeya.
Sai hannun Baba ya tsaya a kan wani noti,
ya daɗe a wurin.
"Amma ba a taɓa buɗe cikinta ba.
Wannan ɗaurin namu ne."

Na ce, "To in saya?"
Ya ce, "Saurare kika kawo ni, na kuwa saurara.
Kuɗin naki ne, kajin naki."

Sai na ajiye kiret guda a kujerar baya,
na ce Barau ya ja mu Mando mu dawo,
kada ya kauce wa rami ko ɗaya.
Baba na gaba, ya jingina kai, yana murmushi shi kaɗai.

Mun dawo. Na ƙirga.
Ashirin da tara lafiya, ɗaya ya tsage, bai zube ba.
Barau na jira, Baba na jira,
ita ma tana rawar sanyi tana jira,
ni kuwa ƙwan nan na tafin hannuna,
ɗaya hannun na kan zif ɗin jaka.